Shari'ar Lucy Letby: Kafin A Ce Wa Ya Yi Kisa, An Tabbata An Yi Kisan?

A wannan wata zan ɗauke ku daga nan gida mu tafi ƙasar Ingila, domin mu dubi wata shari'a wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Na san wani zai ce ina ruwanmu da abin da ya faru a asibitin Turawa, mu da muke fama da namu asibitocin inda ko auduga sai ka saya. To, da ruwanmu. Na farko dai, da wuya ka shiga zango a yau ba ka tarar da gidan da ke da 'ya ko ƙanwa mai aikin nas ba, wasunsu ma suna can Ingilar suna kwana a kan marasa lafiya. Na biyu kuma, tambayar da ke cikin wannan shari'a ba ta da ƙabila. Idan yara suka yi ta mutuwa a hannun mutum ɗaya, yaya za a rarrabe mai laifi da wanda tsautsayi ya rutsa da shi?

Ga yadda abin ya faru. A birnin Chester da ke arewa maso yammacin Ingila akwai wani asibitin gwamnati mai suna Countess of Chester. A cikinsa akwai ɗakin da ake jinyar jarirai sababbin haihuwa, da yawansu bakwaini, irin waɗanda ake sakawa a kwalba, wani ma nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba. A shekarun baya jarirai biyu ko uku ke mutuwa a ɗakin cikin shekara guda. Sai ga shi a watan Yuni na 2015 uku sun mutu cikin mako biyu kacal. Abin kuma bai tsaya nan ba. Jariri yana kwance ana ganin ya fara samun sauƙi, sai kawai numfashinsa ya ɗauke, a taru a kansa, wani a ceto shi, wani a rasa shi. Haka aka yi ta yi har zuwa Yunin 2016, lokacin da 'yan'uwa biyu daga cikin wasu 'yan uku suka mutu, ɗaya yau, ɗaya washegari.

Manyan likitocin ɗakin, musamman Dakta Stephen Brearey da Dakta Ravi Jayaram, sun lura cewa akwai sunan da ke yawan fitowa a takardar aiki duk ranar da irin wannan ya faru, wato sunan wata nas mai suna Lucy Letby, wadda a lokacin shekarunta 25. Suka kai kuka wurin shugabannin asibitin, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Sai a watan Yuli na 2016 aka ɗauke ta daga ɗakin aka mai da ita aikin ofis. Ita kuma ta shigar da koke cewa an zalunce ta, asibitin ya ba ta gaskiya, har ma aka sa likitocin suka rubuta mata takardar ban haƙuri a farkon 2017. Ba a kira 'yan sanda ba sai a watan Mayu na 2017, wato kusan shekara biyu bayan mutuwar farko. Mai karatu, ka riƙe wannan shekara biyun, za mu dawo kanta.

An kama ta a 2018, an sake kama ta a 2019, aka gurfanar da ita a Nuwamban 2020. Shari'ar ta fara a babbar kotun Manchester a Oktoban 2022, ta ɗauki wata goma. A tsarin Ingila ba alƙali ke cewa mutum ya yi laifi a irin wannan ƙara ba, mutum 12 ne ake zaɓowa daga cikin jama'ar gari, waɗanda ake kira 'yan juri, kuma ana gaya musu kada su kama mutum da laifi sai sun tabbata. Sun shafe fiye da awa 100 suna shawara. A watan Agusta na 2023 suka same ta da laifin kashe jarirai bakwai da yunƙurin kashe wasu shida. Sun wanke ta a kan tuhuma biyu, sun kuma kasa cimma matsaya a kan wasu shida. Alƙali, Mai Shari'a Goss, ya yanke mata ɗaurin rai da rai irin wanda babu ranar fita, ta zama mace ta huɗu da aka taɓa yi wa irin wannan hukunci a ƙasar. A Yulin 2024 aka sake shari'ar ɗaya daga cikin tuhumomin da aka kasa yankewa, wasu 'yan juri daban suka sake kama ta da laifi. Sau biyu kuma a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi ba ta izinin ɗaukaka ƙara.

Na zayyana wannan duka ne don kada wani ya ɗauka cewa shari'ar gaggawa aka yi mata. Kuma hujjojin da aka kawo ba na wasa ba ne. Wata uwa mai 'yan biyu ta ba da shaida cewa ta sauko da dare ta kawo wa ɗanta nono, ta tarar da shi yana tsala kuka, ga jini a bakinsa, Letby kuma ta ce mata ta koma ɗakinta ba komai. Kafin gari ya waye yaron ya rasu. Dakta Jayaram ya ce ya shiga ɗaki ya same ta tsaye a kan wata jaririya da bututun numfashinta ya goce, iskar jininta tana sauka, ita kuwa ba ta yin komai. An sami gwajin jinin jarirai biyu da ya nuna insulin mai yawan gaske, wato maganin nan na masu ciwon sukari, alhali ba likitan da ya rubuta musu shi. Da 'yan sanda suka bincike gidanta sun sami takardun miƙa aiki na asibiti guda 257, da wasu 'yan ƙananan takardu da ta rubuta da hannunta, a ɗaya daga ciki ta ce ita muguwa ce, ita ta aikata. An kuma ga cewa takan nemi iyayen jariran a Facebook bayan abin ya wuce. Sannan ga wata takarda mai layi-layi da aka nuna wa 'yan juri, mai ɗauke da lokuta 25 da aka ce an cutar da jariri, da sunayen nas-nas na ɗakin, ita kaɗai ce aka ga tana bakin aiki a dukkansu.

Ba zan ɓoye muku ba, ranar da na ji hukuncin a rediyo ban yi shakkar komai ba. Cewa na yi ruwa ba ya tsami banza. Kuma irin wannan ta taɓa faruwa a ƙasar. A 1991 wata nas mai suna Beverley Allitt ta kashe yara huɗu a asibitin garin Grantham, har da amfani da insulin, aka ɗaure ta a 1993. Dakta Harold Shipman, wanda aka kama da laifin kashe marasa lafiya 15 a shekarar 2000, daga baya bincike ya nuna cewa waɗanda ya kashe sun haura 200. Saboda haka duk wanda ya ce mai farin kaya ba zai yi kisa ba, bai san tarihi ba.

To, daga ina shakka ta shigo? Ta shigo ne daga wata tambaya da ta kamata a fara da ita. A kisan da muka saba ji, akwai gawa da sara a jikinta, ba mai musun cewa an yi kisa, abin nema kawai shi ne wanda ya yi. A nan kuwa ba haka ba ne. Likitocin da suka binciki gawar yawancin jariran nan tun farko ba su ga alamar kisa ba, sun rubuta cewa ciwo ne ya kashe akasarinsu. Ba wanda ya ga Letby tana ɗura wa jariri wani abu. Shekaru bayan an yi jana'iza ne wani likitan yara da ya yi ritaya, Dakta Dewi Evans, ya zauna da fayilolin ya ce wannan iska aka ɗura masa a jijiya, wancan ta bututun ciki aka cusa masa iska, wannan kuma madara aka ɗura mata fiye da ƙima. Gaskiya ne wasu ƙwararru na ɓangaren gwamnati sun goyi bayansa. Amma dai ginin shari'ar kacokan ya tsaya ne a kan ra'ayin masana cewa mutuwar nan ba ta ciwo ba ce. Idan wannan ra'ayi ya girgiza, duk abin da aka ɗora a kansa sai ya girgiza.

Ya kuwa girgiza. Wajen bayanin yadda iska a jijiya ke canza launin fatar jariri, masu gabatar da ƙara sun dogara da wata takardar bincike da aka buga a 1989. Ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta ta, Dakta Shoo Lee na ƙasar Kanada, yana raye, ba kuma wanda ya tuntuɓe shi lokacin shari'ar. Da labari ya kai masa ya ce ba abin da takardarsa ke nufi ke nan ba. Jariran da ya yi nazari a kansu, ƙarfin injin numfashi ne ya tura musu iska cikin jijiyoyin huhu, ba ɗura musu aka yi da allura ba, kuma irin tabon fatar da shaidu suka bayyana a Chester ba ya isa a ce iska ce. Ya zo ya faɗi haka a kotun ɗaukaka ƙara a 2024. Alƙalai suka ce ai da ma ba da launin fata kaɗai aka dogara ba, kuma da lauyoyinta sun so da sun kira shi tun a shari'ar farko.

Wannan magana ta alƙalan ta taɓo wani abu da har yau yake ɗaure wa mutane kai. A shari'ar wata goma, ban da ita kanta Letby, shaida ɗaya tak lauyoyinta suka kira, wato mai gyaran famfo na asibitin, wanda ya ce ruwan masai kan taso ta wurin wanke hannu a ɗakin jariran. Suna da likitan da suka ɗauka yana ba su shawara, amma ba su sa shi ya tsaya gaban kotu ba. Ke nan 'yan juri, waɗanda ba likitoci ba ne, sun ji bakin masana na ɓangare ɗaya ne kawai. Ni ban ga laifinsu ba. In aka kawo maka likita bayan likita duk suna cewa kisa ne, ɗaya ɓangaren kuma ya kawo mai gyaran famfo, me za ka yanke?

Bayan kotu ta ƙi sauraronsa, Dakta Lee ya tara ƙwararru 14 daga ƙasashe daban-daban, cikinsu har da Farfesa Neena Modi, wadda ta taɓa shugabantar ƙungiyar likitocin yara ta Birtaniya. Ya ce ba a biya su ba, kuma sharaɗinsa shi ne za su bayyana abin da suka gani ko da ya tabbatar da laifinta. A ranar 4 ga Fabrairu 2025 suka kira 'yan jarida a Landan suka ce su ba su ga kisa ko ɗaya ba. A cewarsu jariran sun mutu ne saboda ciwon da suke da shi, ko kuma saboda rashin kyakkyawar kulawa, kamar jinkirin ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da kuskure wajen sa bututun numfashi, da rashin gane ciwo a kan lokaci.

Kada mu yi saurin cewa magana ta ƙare. Lauyoyin iyayen jariran sun amsa da cewa waɗannan masana sun dubi kowane jariri shi kaɗai ne, ba su auna sauran hujjoji ba, kamar shaidar uwar nan da ta ga jini, kuma ba wanda ya yi musu tambayoyin ƙure a gaban kotu kamar yadda aka yi wa Dakta Evans kwana da kwanaki. Taron 'yan jarida ba kotu ba ne, wannan gaskiya ne. Amma kuma ba za a ce mutum 14 masu irin wannan matsayi sun taru sun zubar da mutuncinsu saboda wata nas da ba su taɓa gani ba.

Sai batun insulin, wanda shi ne ya fi kowace hujja nauyi, domin a kansa ne 'yan juri suka fara yanke hukunci, kuma baki ɗaya. Bayanin haka yake. Idan jikin mutum ne ya ƙera insulin da kansa, yakan fito tare da wani sinadari ɗan rakiya. Insulin na kwalba kuwa ba shi da ɗan rakiya. A jinin jariran nan biyu an ga insulin ya yi sama, ɗan rakiya ya yi ƙasa, sai aka ce daga waje aka ba su, ta cikin ledar ruwan da ake ƙara musu. Ita kanta Letby da aka matsa mata a kotu ta yarda cewa lalle wani ya ba su, amma ba ita ba. Sai dai ita nas ce, ba masaniyar gwajin jini ba. Ɗakin gwajin da ya yi aikin a Liverpool yana da gargaɗi a rubuce cewa irin wannan gwaji bai dace da tabbatar da cewa an ba mutum insulin daga waje ba, in ana zargin haka sai a aika jinin wani wuri a sake gwadawa. Ba a aika ba. Ledojin ruwan ma ba a ajiye su ba, balle a gwada su. Sakamakon ya kwanta cikin fayil, sai da aka daɗe ana binciken 'yan sanda aka tono shi. Akwai masana da suka ce duk da haka adadin ya yi yawan da ba zai zama kuskure ba, akwai kuma waɗanda suka ce jikin bakwaini ba ya bin lissafin jikin babba. Jaririn da za a sake ɗibar jininsa na ranar kuwa babu.

Takardar nan mai layi-layi fa? Bari in kawo misali daga kasuwa. A ce cikin shekara guda an yi ɓarna sau da yawa a rumfuna, wata ta ɓera, wata ta ruwan sama, wata ba a san dalilinta ba. Sai aka ware wasu aka ce waɗannan sata ce, aka jera su, aka ga mai gadi ɗaya ne ke aiki a duk dararen. Kafin ka ce ɓarawo ne, ai sai ka tambaya: wa ya ware, kuma da wane ma'auni? Sauran dararen da aka yi ɓarna ba ya nan, ina aka kai su? Shi mai gadin, dare nawa yake yi a mako in aka gwada shi da sauran? Haka abin yake a Chester. Takardar ta ƙunshi lokutan da aka riga aka yanke cewa abin zargi ne, ba dukkan mace-mace da sumar da aka yi a ɗakin ba. Letby kuma tana cikin masu yawan karɓar ƙarin aiki, tana da horon kula da jarirai mafiya rauni, don haka su ake yawan ba ta. Dakta Evans ya ce shi bai san sunanta ba lokacin da ya fara duba fayilolin. Amma fayilolin sun fito ne daga asibitin da zargi ya riga ya sauka a kanta. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta fitar da rahoto a Satumban 2022, wata ɗaya kafin a fara shari'ar, tana gargaɗi a kan ainihin irin wannan tarko a shari'ar ma'aikatan lafiya.

Ana kuma cewa ai da aka cire ta mutuwa ta tsaya. Haka ne. Sai dai a wannan watan na Yuli 2016 ne kuma aka rage wa ɗakin matsayi, aka daina karɓar jariran da aka haifa kafin mako 32, wato mafiya haɗari. Abu biyu aka canza a lokaci ɗaya, don haka kowane ɓangare na iya cewa nasa ne ya yi aiki. Ƙungiyar likitocin yara da aka gayyata ta duba ɗakin a 2016 ta ce akwai ƙarancin ma'aikata, kuma manyan likitoci ba sa zagayen duba jarirai yadda ya kamata a ɗaki irin wannan.

Rubutun hannunta kuwa, a takardar da ta ce ita muguwa ce, a nan kuma ta rubuta cewa ba ta yi laifin komai ba. Ta yi rubutun ne bayan an cire ta daga aiki ana nuna ta da yatsa. A nan ne na tuna da abin da muka sani a wurarenmu. Idan yara suka yi ta mutuwa a gida ɗaya, ido kan koma kan tsohuwar da kullum take kusa, wadda ita ce mai zaman jinya, sai a ce mayya ce. Da zarar an faɗi haka, komai nata ya zama hujja. In ta yi kuka a ce munafunci ne, in ba ta yi ba a ce taurin zuciya, in ta zo gaisuwa a ce ta zo ganin aikinta, in ba ta zo ba a ce kunya ta hana ta. Ban ce abin da aka yi wa Letby ke nan ba. Na ce dai neman iyaye a Facebook da tara takardu a gida suna zama mugun abu ne in an riga an tabbata an yi kisa. In ba a tabbata ba, saɓa dokar aiki ne da rashin kan gado, ba kisa ba.

Turai ta taɓa faɗawa wannan rami. A ƙasar Holan an ɗaure wata nas mai suna Lucia de Berk rai da rai a 2003, bayan an gaya wa kotu cewa yiwuwar a ce haɗuwa ce kawai ta sa take bakin aiki a lokacin mace-macen bai wuce ɗaya cikin miliyan 342 ba. Ita ma an karanta littafin sirrinta a kotu an fassara shi da ikirari. Masana suka bi lissafin suka ga ruɓaɓɓe ne, likitoci suka sake duba mace-macen suka ga na ciwo ne, a 2010 aka wanke ta tas. A Ingilar kanta an ɗaure wata lauya, Sally Clark, a 1999 bisa zargin kashe 'ya'yanta biyu, bayan wani babban likita ya ce yiwuwar yara biyu su mutu haka a gida irin nata ɗaya ce cikin miliyan 73. An sake ta a 2003, ta rasu a 2007 ba ta sake komawa daidai ba. Saboda haka tarihi yana da Allitt, yana kuma da de Berk. Duk wanda ya ɗauko ɗaya ya ɓoye ɗaya, ba neman gaskiya yake yi ba.

Yanzu mu koma kan shekara biyun nan da na ce a riƙe. A ganina nan ne babban laifin da ba ya buƙatar 'yan juri. A ce Letby ta aikata. To, shugabannin asibitin sun bar ta wata da watanni a kan jarirai bayan likitoci sun yi ƙorafi, suna tsoron ɓacin sunan asibiti. A ce kuma ba ta aikata ba. To, sun bar ɗaki mai ƙarancin ma'aikata yana karɓar jariran da suka fi ƙarfinsa, yara na mutuwa, ba a tsaya an binciki dalili da gaske ba, har zargi ya taru a kan mutum ɗaya. Ko ta wace fuska aka duba, da an ɗauki mutuwar uku ta Yunin 2015 da muhimmancin da ya kamata, an ajiye jini, an ajiye ledoji, an kira masu binciken gawa irin na 'yan sanda tun gawarwakin suna nan, da yau ba a zauna ana gardama a kan fayil da hoton ƙirji ba. Wata likita da asibitin ya ba fayilolin ta duba a 2016 ta ba da shawarar a yi zurfin bincike a kan wasu daga cikin mace-macen, ba a yi yadda ta ce ba. Su kansu likitocin da suka yi zargi ba su fita tas ba. Dakta Jayaram bai rubuta abin da ya ce ya gani a fayil ɗin jaririyar a ranar ba, kuma ba wanda ya hana ɗayansu ɗaukar waya ya kira 'yan sanda. Duk binciken da ya biyo baya ihu ne bayan hari.

Gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Thirlwall, wanda ya fara zama a Liverpool a Satumban 2024. Amma aikin da aka ba shi shi ne ya gano yadda aka bari ta yi kisa, ba ya duba ko ta yi ba. A tsakiyar 2025 kuma 'yan sanda suka kama uku daga cikin tsofaffin shugabannin asibitin don yi musu tambayoyi a kan zargin sakacin da ya jawo asarar rai.

In kun tambaye ni ra'ayina, ba zan ce muku Lucy Letby ba ta da laifi ba. Shaidar uwar nan tana nan, gwajin insulin yana nan, 'yan juri kashi biyu sun zauna sun saurare ta da kunnensu, ni kuwa ban saurara ba. Abin da zan ce shi ne, ma'aunin da dokar Ingila ta gindaya shi ne tabbaci, kuma 'yan jurin sun tabbata ne a kan abin da aka ba su. Abin da ke hannu yanzu ya fi abin da aka ba su yawa. Ya kamata a kawo Dakta Lee da mutanensa gaban kotu, a rantsar da su, lauyan gwamnati ya yi musu tambayoyin ƙure, a kawo Dakta Evans shi ma a sake yi masa. In maganarsu ta rushe, hukunci ya ƙara ƙarfi, bakin masu gardama ya mutu. In ta tsaya, to akwai mace a kurkuku a kan kisan da ba a yi ba, kuma akwai asibitin da ya kamata ya amsa wasu tambayoyi daban.

Masu cewa tayar da maganar cin fuska ne ga iyayen jariran, na fahimce su. Waɗannan mutane an fara ce musu ciwo ne ya kashe 'ya'yansu, suka yi haƙuri. Bayan shekaru 'yan sanda suka ƙwanƙwasa musu ƙofa aka ce kisa ne. Suka zauna wata goma a kotu suna jin yadda aka ce an yi. Yanzu kuma ana ce musu wataƙila ba haka ba ne. Wasunsu suna rainon 'yan'uwan tagwaicin waɗanda suka mutu, wasu suna rainon yaran da suka tsira da naƙasa ta har abada. Kotu ta hana a faɗi sunayensu, shi ya sa ake kiran jariran da baƙaƙe, daga A zuwa Q.

A watan Fabrairu na 2025 sabon lauyanta, Mark McDonald, ya kai maganar gaban hukumar da ke sake duba hukunce-hukuncen da ake zargin an yi kuskure a cikinsu, wadda aka kafa bayan wasu manyan kura-kuran shari'a da suka girgiza Ingila, ta kuma fara aiki a 1997. Wannan hukuma ba ta da ikon cewa mutum ya yi laifi ko bai yi ba, ba ta kuma da ikon sakin kowa. Ikonta ɗaya ne, wato ta mai da ƙara gaban kotun ɗaukaka ƙara idan ta ga akwai yiwuwar gaske cewa alƙalai za su soke hukuncin. Ko a can ɗin ma tambayar farko da alƙalai za su yi ita ce wadda suka yi a 2024: wannan hujja sabuwa ce, ko kuwa tana nan tun farko lauyoyi suka ƙi kawo ta?